Gidan da Malama Selina Ta Saya

Malama Selina 'yar Fadan Kagoma ce, aure ne ya kawo ta Kafanchan. Mijinta Andrawus ma'aikacin reluwe ne, ita kuma tana koyar da 'yan aji ɗaya a firamare. Da ya rasu aka ba ta wa'adin tashi daga kwatas. Ta kwashi 'yarta Lucy da 'yan komatsanta, ta kama hayar ɗaki biyu a gidan Alhaji Musbahu, wani ɗan kasuwa mai sayen citta yana kaiwa Kano. Shi da mahaifinsa duk a ƙasar Jama'a aka yanke musu cibi.

A gidan nan ta haɗu da matarsa Rabi'a. Ba a daɗe ba suka zama kamar 'yan uwa. Ranar Lahadi idan Selina ta tafi sujada, Rabi'a ke sauke mata wake daga wuta. Da azumi kuwa Selina ke tsayawa kasuwa ta sayo musu kayan miya. Rabi'a takan yi mata dariya idan ta ce da mace "ya zo", ita kuma ta ce, "Maman Irfan, in kin isa ki gaishe ni da yarenmu mu ji." Ko rikicin 1987 bai raba su ba. Suka rufe ƙofar gida, suka haɗa abin da ke akwai a tukunya ɗaya har gari ya lafa.

A 1992 ne ƙanen Alhaji ya tafi cin kasuwa Zangon Kataf, rikici ya rutsa da shi, bai dawo ba. Tun daga nan Alhaji ya zama wani iri. Bayan damina ya kira Selina zaure.

"Malama, zan sayar da gidan nan, mu tafi Zariya. Ba na so baƙo ya saya ya ba ki notis. In kina da hali, ke na fi so."

Hali kam akwai, don kuɗin sallamar Andrawus sun fito bayan doguwar jira, yayanta kuma ya ce zai cika mata. Ta ce to su yi a gaban mai unguwa kawai. Alhaji ya girgiza kai.

"Ki nemi lauya. Ba rashin yarda ba ne. Ni da ke za mu mutu, 'ya'ya ne za su rage."

Wata 'yar zumuntar mata a cocinsu ta kai ta wajen Barista Kambai, wanda ofishinsa ke saman wani kemis. Mutum ne mara gaggawa. Ya bari ta gama bayani, sannan ya faɗa mata ladan aikinsa tun farko, don kada a yi ta jan magana daga baya.

"Mama, ki sani ni lauyanki ne, ba na Alhaji ba, ko da kuna shiri," in ji shi. "Kada ki ba da komai sai ɗan kafin alƙalami, shi ma a gabana. Zan ga takardun gidan. Zan je ofishin filaye a Kaduna in duba ko an jinginar da shi a banki, ko wani ya riga ki saya. Zan turo mai safiyo ya auna iyaka. Duk abin da na gani zan faɗa miki, mai daɗi da mara daɗi."

Mara daɗin ne ya fara fitowa. Takardar mallakar gidan da sunan mahaifin Alhaji take, ba a taɓa raba gado ba. Barista ya ce sai duk magada sun yarda, in ba haka ba babu ciniki. Akwai kuma ƙanwar Alhaji, Ruƙayyatu, da ke aure a Gwantu, wadda ta aiko cewa ba da yawunta za a sayar da gidan ubansu ba.

Selina ta sauko daga benen nan tana jin jikinta sakayau, har ta yi mamakin kanta. Tana isa gida ta wuce madafa.

"Maman Irfan, lauya ya ce akwai matsala babba."

Rabi'a ta ajiye muciya. "Allah?"

"Wallahi. Ƙila ma ba zai yiwu ba."

Suka dubi juna, sai dariya ta ƙwace musu. A yammacin nan Rabi'a ta kwance ƙullin kwanonin da ta riga ta ɗaure, ta mai da su kan kanta. Ba ta san kowa a Zariya ba sai wata gwaggo da ta tsufa.

Amma Barista Kambai ya san aikinsa. Ya ɗauki Alhaji suka je Gwantu, aka zauna da Ruƙayyatu da mijinta, aka fitar mata da rabonta yadda addininsu ya ce, ta sa hannu tana kuka. Mai safiyo ya gano katangar baya ta ɗan shiga filin maƙwabci, Selina ta sake sa rai, Barista ya sasanta su a rubuce a gaban mai unguwa. Fayil ya maƙale a Kaduna wata da watanni, ya yi ta hawa mota yana bibiya har ya fito. Babu jingina, babu mai ƙara a kotu.

Ran da ya kira ta ya ce komai ya yi daidai, ta daɗe tana murza bakin gyalenta.

"Barista, ka duba da kyau? Babu sauran wani abu?"

Ya cire tabarau ya dube ta. "Mama, so kike in samo matsala?"

Ta ci gaba da murza gyalen.

"Ba ki sa hannu ba tukuna, kina iya fasawa," in ji shi a hankali. "Amma gaskiya zan faɗa miki. Yanzu da takardu suka gyaru, Alhaji ba zai rasa mai saya ba. Tafiyar dai za su yi."

A zauren gidan aka sa hannu, da hantsi, ga mai unguwa ga yayan Selina. Barista ya karanta yarjejeniyar daki-daki yana mai da ita Hausa. Da ya zo inda aka ce mai sayarwa zai miƙa gidan babu kowa a ciki, kuma shi da iyalinsa ba su da sauran haƙƙi har abada, Selina ta ɗaga hannu.

"Cire wannan. Ɗakin Maman Irfan nata ne."

"Ba zan cire ba, Mama, shi ne ke kare ki. Gida in ya zama naki, kina iya ba wanda kika so ɗaki. Amma ba a takarda ba."

"Bar shi yadda yake, Malama," in ji Alhaji, kansa a ƙasa.

Ta sa hannu. A bayan labule aka ji Rabi'a ta ja da baya ta shige ciki.

Sati na zagayowa babbar mota ta zo. Selina ta taya su ɗaura kaya, ba ta je makaranta ba. Rabi'a ta riƙe hannunta a bakin ƙofa.

"Maman Lucy, ki yafe mini."

"Me kika yi mini? Kai, shiga mota, kada ki sa ni kuka a gaban yara."

Sai da aka fi shekara kafin amincewar gwamna kan cinikin ta fito. Barista da kansa ya kawo mata takardun gida, ya ce ta yi musu kwafi ta ba yayanta ajiya. Ba wanda ya taɓa zuwa ya ce gidan nasa ne. Ta zuba 'yan Kwalejin Ilimi haya, da kuɗin ta yi wa Lucy makaranta. Duk 'yar zumunta da za ta sayi fili, ita ke raka ta ofishinsa. In an ce mata ta yi sa'ar lauya, sai ta ce haka ne, ta kawo wata maganar.

Sau ɗaya ta ga Rabi'a a Zariya, a wani gidan haya a Tudun Wada. Ta rame, ta ce ruwan garin bai karɓe ta ba. Suka yi alkawarin za ta zo bikin Lucy.

A 1996 wani mai sayen citta ya tsaya a ƙofar gida ya ce matar Alhaji ta rasu, hawan jini, har an yi sadakar uku. Selina ta kama motar Zariya washegari. Ta sami Alhaji a kan tabarma, gemunsa ya yi fari fat. Ta durƙusa ta yi masa gaisuwa, ya ce Allah ya ba da lada. Ta sami wuri ta zauna.

"Ya gidan?" in ji shi.

"Lafiya. Sai dai ɗakin tsakiya yana yoyo."

"Ki nemi Meshak kafinta. Shi ya san rufin nan."

Ta ce to. Irfan, ɗan marigayiyar, ya kawo mata ruwa a kofi, ta riƙe shi a hannu har aka kira sallar la'asar, sannan ta tashi ta nufi tasha.