Ranar da Kawuna Ya Gaya wa Na'ura Yana Lafiya

Ko da zan manta duk abin da na gani a ƙasar Faransa, ba na jin zan manta da ranar da na baro Lyon a guje saboda kawuna.

Ƙanin mahaifiyata ne, tsohon direba da ya yi ritaya, yana zaune shi kaɗai a wani dogon bene a Sevran, gefen Paris. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun watsu. Ni kuwa na gama karatun injiniya a Villeurbanne, na samu aiki a Lyon. A ƙasar nan haihuwa ta ja baya, tsofaffi sun yi yawa, masu jinya ba su isa ba. Sai aka kawo dabara, aka manna wa tsofaffi wata 'yar na'ura mai ƙirƙirarriyar basira a bango. Kullum da safe takan gaishe su da muryar mace mai sanyi, ta tambayi jikinsu, daga amsar da suka ba ta kuma ta zaɓi gidan da ma'aikaciyar jinya za ta je. Wanda ya ce lafiya, sai a tsallake shi. Ni ce ma na riƙa yabon abin a gaban kawu, ina cika baki wai ci gaba ya zo.

Abin da ba mu lura ba, a bakin tsofaffin Faransawa na'urar ta koyi aikinta, su kuwa gwanayen ƙorafi ne. Ka tambayi ɗayansu jikinsa, sai ya lissafa maka ciwo daga wuya har ɗan yatsa. Kawuna mutumin Maraɗi ne.

Ran nan da hantsi na kira shi daga wurin aiki. Kawu mutum ne mai doguwar gaisuwa, sai ya tambayi aiki, sanyi, maigidana, har maƙwabtan da bai taɓa gani ba. Amma ran nan ina cewa, "Allo Kawu, ina kwana?" sai na ji murya can ƙasa-ƙasa: "Alhamdulillahi 'yata, da sauƙi." Bai tambayi kowa ba. Wayar ta mutu.

Ban tambaye shi jiki ba, me ya kawo sauƙi? Na sake kira, wayar a kashe. Na kira ofishin masu jinyar, wata mata ta duba ta ce ai da safen nan ya ce wa na'urar komai lafiya, har da godiya, don haka ba a saka shi cikin masu ziyara ba. Na ce, "Madame, ba ki san shi ba ne!" Ta ce sai dai gobe. Benen nasu ba mai gadi, an daɗe da maye gurbinsa da ƙofa mai lambar sirri. Na kira 'yan kwana-kwana, su ne masu kai ɗauki a ƙasar nan, na roƙe su su fasa ƙofar in ta kama, ni zan ɗauki laifin.

Ban san yadda na isa tasha ba. A cikin jirgin ƙasa na zauna riƙe da waya, sabis na zuwa yana ɗaukewa. Duk addu'ar da na sani na karanta. Tunani ɗaya ke cina: in gawa aka tarar, da wane baki zan gaya wa mahaifiyata cewa ƙaninta ya mutu shi kaɗai a ƙasar mutane, ni ina nan? Mun kusa Paris kira ya shigo. Wallahi sai da na ji tsoron ɗauka.

'Yan kwana-kwanan ne, da rai suka same shi. Tun la'asar ɗin jiya santsi ya kwashe shi a makewayi yana alwala, ƙashin ƙugunsa ya karye. A kan tayil mai sanyi ya kwana, ba ci ba sha. Da safe na'urar ta gaishe shi daga falo, ya tattara ƙarfinsa ya ɗaga murya ya amsa mata lafiya lau.

A asibiti na same shi, leɓɓansa sun bushe, ya yi ƙanƙani a gadon. Kuka ya ƙwace mini, haushi kuma ya taso.

"Haba Kawu! Waya na aljihunka, na'ura na tambayarka, me ya hana ka faɗa?"

Ya dube ni kamar ni ce marar hankali. "Ke kina wurin aikinki, in tayar miki da hankali? Ita kuma yarinyar nan, baƙuwa ce, gaishe ni ta yi. In buɗe baki in ce mata ina kwance a makewayi?"

Na ce ai ba mutum ba ce. Ya ce, "To, ai ta yi gaisuwa."

Kawu ya tashi, amma bai sake tafiya da ƙafafunsa ba sai da sanda, bai kuma koma benen nan ba. Likita ya ce da ya ƙara kwana ɗaya, da sai dai wani labarin.

Ban tsani na'ura ba, da ita nake cin abinci har yau. Amma na koyi cewa tsofaffinmu ba sa kai kuka ga wanda ya tambaye su daga nesa, ko mutum ne ko ƙarfe. In kana da tsoho, ka je da ƙafarka, ka zauna, ka dube shi da idonka, don bakinsa lafiya kawai zai ce maka.