Baba Gyara-Zama da Fuskokin Itace

A layinmu in ka tambayi shagon mai hoto sai a tsaya ana tunani, amma ka ce Gyara-Zama, ko akuya ta san ƙofar. Mahaifina ne. Daga bakinsa sunan ya fito, domin duk wanda ya hau kujerar shagon nan, yaro ne ko tsoho mai sanda, abin da zai fara ji ke nan: “Gyara zama. Ɗaga haɓa. Kai, murmushi na ce, ba ciwon haƙori ba.”

Shagon ɗaki ɗaya ne da ɗan lungu. A bango akwai labule mai zanen ruwa yana gangarowa daga dutse, gefe ga fulawar roba da ta halarci auren rabin unguwa, ga kujera mai gurguwar ƙafa da ake rufa wa asiri da darduma. Amma ba su ke kawo mutane ba. Baba yana da aƙida guda: ba a fita daga shagonsa da aibi. Ƙurji, tabo, tamoji, idon da ya fi ɗan'uwansa lumshewa, duk sai ya bi ya share. A da, da fensir mai tsini yake yi a kan fim. Da kwamfuta ta zo ya daɗe yana zaginta, har ranar da ya ga tana ɗauke ƙurji cikin ƙiftawar ido, sai ga shi yana shafa mata kai. An taɓa dawo da wani direba daga wurin neman fasfo, wai hoton ƙaninsa ya kawo. Baba har yau yabo ya ɗauki wannan magana.

Yayata malama ce a jami'a, mu dai Farfesa muke ce mata tun tana firamare saboda iyayi. Ta yi shekaru tana rubuta littafi a kan fasahar mutanen Afirka na da: fuskokin da aka sassaƙa da itace, ƙoren da aka yi wa zane, tukwane, da irin tunanin masu yin su. Da aka zo maganar hotuna, masu buga littafin suka ce suna da nasu mai hoton. Yaya ta kafe a kan ubanta zai ɗauka. Suka ce to, amma in bai yi ba, nasu za su sa.

Wannan “in bai yi ba” ɗin ne ta haɗiye ba ta gaya wa Baba ba. Shi kuwa kafin la'asar tela ya ji, mai walda ya ji, har mai gyaran rediyon da ba sa ga-maciji tun rigimar kwata sai da Baba ya tsallaka titi ya sanar da shi. “Sunana a littafi! Ƙarƙashin kowane hoto!” Ya sa aka yi wa shago fenti, ya ɗinka sabuwar riga, kamar kayan ne za su ɗauke shi hoto.

Wani tsohon malamin Yaya mai tara irin waɗannan kaya ne ya ba da aro, aka kawo su cikin kwali naɗe da tsumma. Yaya ta wuce wurin aiki. Da na leƙa shagon, sai na tarar Baba ya ɗora fuskar itace a kan kujera, ya tokare ta da matashi, fulawar roba a gefenta, ruwa yana gangarowa a bayanta. Ya duƙa kan kyamara ya ce, “Gyara zama.”

Na yi dariya har sai da na zauna a ƙasa. “Baba, itace ne fa!”

“Auta, rufe min baki. Kowa da darajarsa a shagon nan. Kin ga yadda take hararata? Irin su ne masu dawowa su ce ba su yi kyau ba.”

Ranar nuna wa Yaya aikin sai da ya tara maƙwabta. Ya kunna kwamfuta yana hura hanci. Fuskar nan da take da tsaga tun daga goshi har haɓa ta fito sumul kamar amarya. Idonta ɗaya da ya fi ɗaya tsayi, an daidaita shi. Ƙwaryar da aka ɗinke da zare mai kauri, babu ɗinkin babu dalilinsa. Tukunya kuwa an wanke mata baƙin hayaƙinta tas. Tela ya tafa. Yaya kuwa da ƙyar ta ce, “Baba, sun yi… santsi.”

Muna isa gida ta zube a tsakar ɗaki, ba a san dariya take yi ko kuka ba. “Auta, na shiga uku! Babin da ya fi kowanne tsawo a kan tsagar nan yake!” Na ce ta gaya masa, ta ce ni ce 'yar lelensa. Na ce littafin wa? Gaskiya tausayinsa ya kama mu duka, don mun san in aka kawo wani mai hoton, Baba ba zai ƙara ɗaga kai a layin nan ba.

Washegari da safe Yaya ta same shi yana shan shayi, ta ce ya saurari wani babi ya ba ta shawara. Ta karanta masa cewa waɗanda suka ɗinke ƙwaryar nan sun iya ɓoye ɗinki in sun ga dama, amma suka zaɓi zaren da za a gani, domin abin da ya fashe aka ƙi yar da shi ya fi sabo labari, kuma wanda ya share tabon ya share hannun da ya riƙe abin.

Baba ya ajiye kofi. “Wato ɓarna na yi.”

“A'a Baba, ba ɓarna ba ce, kawai dai…”

“Ɓarna ce, Farfesa, faɗi kanki tsaye. Kuma in ban sake ba wani za su kawo, ko?” Ashe tsohon nan ya fi mu wayo. Ya miƙe ya ce, “Auta, sauke min labulen nan.”

Aka koma bango fari, ya juya fitila ta gefe don tsagar ta fito sosai. To fa, sai abin ya zame masa sabon hauka. “Ku zo ku ga wannan! Har da reshe gare ta!” Matsala guda ita ce hannunsa, wanda da ya ga tabo a kwamfuta sai ya tafi sharewa da kansa. Ƙarshe dai zama ya riƙa yi a kan hannun, ni ina danna masa abin da ya ce. Masu buga littafin suka karɓi hotunan, har suka nemi ƙari. A wannan tsakanin ne ya ƙi share wa wata amarya ƙurjin hanci, wai tarihi ne, uwarta ta kusa ƙarasa gurguwar kujera a kansa.

Ranar da littafin ya iso Baba ya rungume shi ya bi layi shago shago, yatsansa a kan sunansa. Mai gyaran rediyo ma sai da ya karanta shi da ƙarfi kafin aka ƙyale shi. Ban taɓa ganin farin ciki irin wannan a fuskarsa ba.

Da mutane suka watse, sai na ga ya tsaya da littafin a hammata yana kallon hoton marigayiya mahaifiyarmu da ke saman ƙofar lungu. Fuskarta sumul, kamar ta kowa a shagon.

“Auta,” ya ce, “tawadar Allah da ke fuskar innarku, a wane kumatu take?”

Na ce hagu. Yaya da ke gefe ta ce dama. Muka kalli juna.

Ya jawo akwatin tsofaffin hotuna ya zazzage a kan tebur. Na aurensu, na sunan Yaya, na ranar buɗe shago, babu wanda fensirinsa ya bari.

“Ta sha ce min in bar mata abarta,” ya ce.

Ya ajiye littafin a kan kujera, ya ɗebi fim ya tsaya a bakin ƙofa, yana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya wajen haske, ko zai dace da wanda fensirin ya tsallake.