Talatar da Na Bi Bayan Baban Yara

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Alhamis, sha tara ga watan Yuni, da hantsi, ina tsakiyar yi wa wani dattijo gyaran fuska aka kira ni a waya cewa Allah Ya karɓi ran abokin aikina, mutumin da duk layinmu ke kira Baban Yara. Na ajiye reza, na ba dattijon haƙuri. Da rabin gemu ya bi ni har asibiti, domin shi ma ya fi shekara goma yana zama a shagonmu.

Yau kwana goma sha ɗaya ke nan, abokina. Mutane da yawa sun faɗi alherinka, kuma gaskiya suka faɗa. An tuna yadda kake ɗaukar jakar kayan aski ka bi tsofaffin da ciwo ya kwantar har kan gadonsu, ka yi musu aski, ka yanke musu farce, ka zauna hira kamar ba ka da wani aiki. An tuna yadda kake lallashin yaron da ke tsoron kilifa, ka ɗora ta a kan hannunka tana ƙara har sai ya yi dariya. Ni abin da zan rubuta daban ne. Ni ne mutumin da ya shafe watannin ƙarshe na rayuwarka yana zarginka, kuma ban sami damar gaya maka ba.

Shekara goma sha tara muna shago ɗaya. Kujerarka ce ta bakin taga, tawa ta kusa da famfo. Madubina ya zauna a matsayin madubi, naka kuwa a hankali ya koma allon sanarwa. Takardun sakamakon jarrabawa, hoton ranar da aka ba babbar 'yarka lambar yabo ta muhawara, hoton ƙaninta Auta da rigar ƙwallo, duk ka manna su a gefe da gefe, har sai da wanda ake yi wa aski ya riƙa leƙen kansa ta ɗan filin da ya rage a tsakiya. Duk wanda ya zauna a kujerarka, kafin a gama masa ya san cewa yarinyar shekararta sha bakwai kuma ba ta taɓa sauka daga ta uku ba, ya san Auta mai sha huɗu ya gyara fankar ɗakinsu da hannunsa. Da haka sunanka na yanka ya ɓace a bakin mutane.

Ni Allah bai ba ni haihuwa ba, kuma ka san inda abin yake yi mini ciwo. Shi ya sa duk ranar da aka ba da sakamako kake turo su shago, ka ce, “Ku kai wa Baffanku ya fara gani.” Duk da haka, tun can ina shakkar rabin abin da kake faɗa. Na taɓa jira ka fita salla, na sa tabarau, na ɗaga takardar yarinyar a hasken taga ina neman wurin da aka kankare aka gyara. Ban samu ba. Na mayar da ita inda take, amma zuciyata ba ta daina bincike ba. Yanzu na gane hassada ce ta sa rigar hankali.

A watan Janairu abubuwa suka fara canjawa. Wata safiya ka zauna a kujerata, ka miƙo mini kilifa, ka ce in yi maka tal-kwabo. Kai da ka fi kowa ji da sumarka, kai da kake tsayawa kana taje ta ko da mutum uku na jira. Na tambaye ka dalili, ka ce zafi. Ka sayi sabuwar hula. Ka fara fesa turare mai ƙarfi wanda ban san ka da shi ba. Ka rame, ka ce Maman yara ce ta hana ka sukari. In wayarka ta yi ƙara, sai ka fita bayan shago ka yi magana ƙasa-ƙasa. Sannan kowace Talata, ƙarfe sha ɗaya na yi, sai ka kakkaɓe tawul, ka rataye, ka ce, “Dogo, zan leƙa makarantar yaran nan.” Ba ka dawowa sai bayan la'asar, kuma washegari hannunka na rawa a kan almakashi.

Na haɗa hula da turare da waya da Talata, na yanke hukunci cewa akwai wata mace a waje. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na riƙa kallon madubinka ina cewa a zuciyata, ashe duk wannan taƙama da iyali bango ne ake ɓuya a bayansa.

A cikin wannan tsakanin ne ka yi abin da ya ƙara ɗaure mini kai. Wata Asabar, shago cike, ka sa Auta ya zo, ka tashi kwastoma daga kujera, ka zaunar da yaron, ka ɗaura masa sabon tawul. Ka ce yau za a yi masa askin gashin baki na farko. Na leƙa, gashin bai fi ƙwara goma ba, su ma sai an karkata kai ake ganinsu. Na ce, “Haba, ka bari ya fito mana, saurin me kake yi?” Ka shafa kumfa, ka sa sabuwar reza, ka yi abin a hankali kamar mai yi wa babban mutum aiki. Yaron yana ta jin kunya, mutane suna dariya, wani yana cewa a nemo madubin likita a duba ko an bar saura. Da ka gama ka riƙe fuskarsa da hannu biyu ka daɗe kana kallo. Ni kuwa na ce a raina: mai laifi ne yake wanke kansa.

Na je gidanka da sunan gaisuwa, na yi wa Maman yara bugun ciki. Na ce makarantar nan tana yawan kiran iyaye kwanan nan. Ta ce, “Ai ka san halinsa da yaran nan, Yaya Dogo,” ta shiga zuba mini shayi ba ta ɗago kai ba. Na fito ina tausayinta, ina ganin ita kaɗai ce ba ta san abin da ake ciki ba.

Talata ta biyu a watan Afrilu na rufe shago bayan fitarka, na aro hular mai gyaran takalmi na maƙwabtanmu, na shiga motar hayar da ke bin bayan taka. Ka sauka a shataletalen da hanya ta rabu biyu, dama ta nufi asibiti, hagu ta nufi makaranta. Ka tsaya wurin mai lemo ka daɗe kana zaɓe, ni ina laɓe bayan wata babbar mota. Sannan ka bi hagu. Ka shiga makarantar, mai gadi ya gaishe ka kamar wanda ya saba. A babban ɗakin taro ɗalibai na gwajin muhawara. Ka zauna a bencin ƙarshe da ledar lemonka, ni na tsaya a waje ta taga. Da 'yarka ta tashi ta yi magana, muryarta ba ta rawa, ta gama, kai kaɗai ka tafa, har malaminsu ya waiwayo. Na koma shago kunya ta ishe ni. Daga ranar na daina zarginka, daidai lokacin da ya kamata in buɗe ido.

Ranar Laraba, sha takwas ga Yuni, ba ka zo aiki ba, ka aiko cewa zazzaɓi ne. Washegari a asibiti likita ya ce mini, “Sai haƙuri, kun dai san ya jima yana fama.” Na ce fama da me? Nan na ji sunan ciwon: daji ne a hanji. Kowace Talata magani ake ɗaura maka ta jijiya, maganin da ke zubar da gashi. In an gama sai ka taka zuwa makarantar ka ga yaran suna tashi, don kada abin da ka gaya mini ya zama ƙarya. Maman yara ta sani. Yarinyar ta sani, ita ke rubuta maka lokutan shan ƙwayoyi a bayan littafin lissafinta, tana kuma shirin jarrabawar fita. Auta da ni kaɗai aka rufe.

Shekaranjiya na kasa riƙe abin, na je na zauna a falonku, 'yarka na gefe, na gaya wa Maman yara duk abin da na zarge ka da shi, da yadda na bi ka. Ina jiran ta kore ni. Sai ta yi dariya, karo na farko tun rasuwarka, har tana share ido da gefen mayafi.

“Ai ya gan ka,” in ji ta. “Tun a tasha. Ya ce hular da ka aro ta rufe maka kunne, amma tsawonka ba ya aruwa.”

Na ce, “To me ya hana shi yi mini magana?”

“Ya ce in ya shiga asibiti kana biye, kafin yamma za ka zauna a shago kana kuka, duk layi ya ji, Auta ya tsinci labarin a bakin titi. Shi ya sa ya yi hagu.”

Sai a lokacin abin ya sauka a kaina. Na ce, “Ke nan ranar bai sha maganin ba?”

“An ba shi wata rana. Likita ya ce ba komai.”

Da ta faɗi haka ba ni take kallo ba, 'yarka take kallo, ita kuwa yarinyar idonta na ƙasa tana murza bakin hijabinta. Wataƙila gaskiya ne. Na san ajali ba ya jiran Talata ko Laraba, kuma na yi imani da haka. Amma mutanen gidan nan sun yi wata shida suna ɓoye mini abu cikin ladabi, kuma sun ƙware. Ba zan taɓa sanin ko wannan ma irinsa ba ne.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Maman yara, wadda ta ɗauki wannan nauyi tana dafa abinci tana murmushi. Ina miƙa ta ga 'yarka, wadda ta girma a wata shida fiye da yadda ya kamata a nema daga mai shekara sha bakwai. Ina miƙa ta ga Auta, wanda har yanzu yake fushi da kowa don an ɓoye masa. Ɗana, ka yi haƙuri, ni ma muna layi ɗaya. Haka kuma, abokina, ga 'yan'uwanka, da maƙwabta, da duk wanda ya taɓa sunkuyar da kai a ƙarƙashin hannunka.

Allah Ya jiƙan ka, Ya gafarta maka, Ya sa ciwon nan ya zama kankarar zunubi. Allah Ya yalwata kabarinka, Ya haskaka shi, Ya sa Aljanna ce makoma. Allah Ya raya abin da ka bari, Ya shirye su, Ya ba su haƙurin rashinka. Mu kuma in tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani. Ni dai roƙona ɗaya: in mun haɗu a can, ka riga ni magana, domin ban san da bakin da zan fara ba.