Limamin da Ya Tafi da Alƙiblar Kudai

A unguwar Kudai ta Makka, in ka ce kana neman Mukhtaru, za a tambaye ka wanne. In ka ce Liman kake nema, kowa zai nuna maka ofishin kamfanin bas yana danne dariya. Mutumin ba shi da masallaci, bai kuma taɓa neman limanci ba. Tura shi gaba aka yi a wata ƙasa mai sanyi, sunan ya riga shi dawowa gida.

Ga yadda abin ya faru. Shekarar da ya samu minha, wato gurbin karatu kyauta irin na musayar ɗalibai tsakanin jami'o'i, ya sauka a wani gari na ƙasar Holan don yin majistir, wato digiri na biyu. A gidan ɗaliban da aka sauke shi akwai Musulmi 'yan kaɗan, duk sababbin zuwa: Turkawa biyu, ɗan Sanigal ɗaya, da wani ɗan Indunusiya mai ladabi kamar ya kwanta a taka shi. Masu gidan suka ba su wani ɗan ɗaki su riƙa salla. Ɗaki fayau, ba darduma, ba alama a bango. Magariba ta yi, aka tsaya kallon-kallo, kowa na cewa ɗan'uwansa ya shige gaba. Sai aka tambayi Mukhtaru daga ina yake. Ya ce Makka. To, magana ta ƙare. Har da mai shafa masa kafaɗa.

Mukhtaru ya leƙa taga, ya ga inda rana ta faɗi, ya gyara tsayuwa har jan yamma ya koma kafaɗarsa ta hagu, ya kabbara. Bai yi tunani ba, don a wurinsa babu abin tunani. Kudai kudu take da Harami, mu nan arewa muke fuskanta, kuma tun ranar da aka koya masa alwala, in ya tsaya magariba jan rana a hagunsa yake. Wanda aka haifa a Kano ko Jakarta ya san alƙibla abin nema ce in an yi tafiya. Ɗan Makka bai taɓa nemanta ba. In ma ya yi shakka, ɗaga kai yake ya hango hasumiyar agogo. Sai ga bayin Allah a jere a bayansa, sun juya wa Ka'aba ƙeya cikin natsuwa, suna murna yau sun samu limami daga tushe.

Suka ɗauki kwanaki a haka. Tun ranar farko wayar ɗan Indunusiyan nan take nuna masa baya, amma wa zai gyara wa ɗan Makka alƙibla? Ya yanke cewa wayar ce ta lalace. Sai da ya ari ta wani Baturke, ita ma ta nuna baya, sannan ya zo wurin Mukhtaru da wayoyi biyu a tafin hannu, yana ta ba da haƙuri kamar shi ya yi laifin.

Kafin wannan, Mukhtaru ba mutumin da ake wa dariya ba ne. Mahaifinsa, marigayi Malam Sabitu, mai tsire ne. Ya taso da iyalinsa daga unguwar Jarwal zuwa Kudai tun Mukhtaru na goye, saboda a nan direbobi suke, kuma direba ba ya wuce tsire. Yaron ya tashi tsakanin hayaƙin nama da hayaƙin bas, ya zaɓi na biyu. Ya fara da shigar da alhazai mota, yana ɗaga wa tsofaffi jaka, har ya zama shi ke tsara wace mota za ta tashi, wacce za ta jira. Digirinsa na farko da yamma ya yi shi, bayan an tashi dawam, wato aikin ofis. Larabci ya fi zama a bakinsa, Hausa ta cikin gida ce, Turancinsa kuwa a wurin alhazai ya tsinto shi, shi ya sa rabi na Pakistan ne, rabi na Legas.

Abin da ke cin ransa Muzdalifa ce. Duk shekara, in alhazai suka taso daga Arafa, sai ya ga motocinsa sun cushe a hanya da tsofaffi a ciki, ga wurin ana hangowa amma an kasa isa. Mu sai mu ce ai Hajji ke nan, sai haƙuri. Shi kuwa ya ce haƙuri na alhaji ne, shi tsari aka ɗauke shi yi. Da ya ji jami'ar da ya gama tana musayar ɗaliban bincike da wata jami'a a Holan, inda ake karantar yadda ake tafiyar da taron mutane da motoci, sai ya nema. Aka yi masa ganawa ta bidiyo, yana zaune a ofis, bas-bas na hon a bayansa. Suka tambaye shi taro mafi girma da ya taɓa yin aiki a cikinsa. Ya faɗa musu. An ce farfesan ya cire tabarau ya goge, ya roƙe shi ya maimaita. Suka ɗauke shi, da jirgi da ɗaki da abin kashewa, bisa sharaɗin in ya gama ya dawo gida ya yi aiki da abin da ya koyo.

Duk Kudai ta ce mabruk, ban da mutum ɗaya. Inna Ɗaso, mahaifiyarsa, ita ko Kudai ɗin ma tafiya ta ɗauke ta. Har yau in ta ce gida, Jarwal take nufi, ko da yake inda ɗakinta yake a da yanzu otal ne. Mukhtaru ɗan fari ne, don haka ba ta kama sunansa, mai bas take ce masa. Ya same ta a tsakar shukkarsu, wato sashensu na gidan bene, tana yanka ganyen mulukiya na miya.

"Ummi, an ba ni minhar nan."

"Na ji. Ƙasar da aka ce ruwa ya fi tudu yawa."

"Shekara biyu ce kawai, ya Ummi."

Ba ta ɗago ba. "Kakana daga Gaya ya taso da ƙafa. Ya yi noma a gonar wasu a Chadi, ya tsinci auduga a Sudan, ya binne matarsa a hanya, duk don ya kawo mu nan. Kai kuma za ka hau jirgi ka warware masa tafiyarsa kafin la'asar."

"Zan dawo, wallahi."

"Taha ma haka ya ce."

Taha ƙaninta ne. Shi ma karatu ya fita yi tun yana saurayi, karatun ya zama aiki, aikin ya zama aure. Yanzu in ya zo, da ihirami yake shigowa kamar kowane baƙo, ya sauka a otal, ya kawo mata cakulan, ya tambayi mai tasi hanyar unguwar da aka yanke masa cibi. Abin da Inna Ɗaso ke tsoro ke nan, ba sanyi ba, ba abincin can ba: kada ɗanta ya koma mai zuwa umara.

Ta ture ganyen da wuƙa gefe, ta ce, "Ka je. Ban hana ka ba."

Bahaushe, ko a Makka aka haife shi, ya san tazarar da ke tsakanin ban hana ka ba da Allah ya yi maka albarka. Mukhtaru ya tsaya yana jiran ta biyun, ba ta zo ba. Ya so ya fasa. Matarsa Khadijatu, malamar makarantar 'yan mata ce kuma ba ta kwana-kwana, ita ta tare shi.

"Abu Raghad, in ka zauna, kullum za ka riƙa gaishe ta da abin nan a maƙogwaro, ita ma tana gani. Yalla, ka tafi. Ni ina nan tare da ita."

Ya tafi, amma da alkawari tsakaninsa da Khadijatu: in zangon farko ya ƙare Ummi ba ta sa albarka ba, zai ajiye musu minharsu ya dawo bakin bas ɗinsa. Duk wanda ya san Mukhtaru ya san zai yi. Kowace Juma'a yana kira. Inna Ɗaso ta karɓi waya ta ce lafiya lau, ya sanyi, ga 'yarka, ta miƙa wa Raghad. Gaisuwa irin wadda ake yi wa maƙwabcin da ba a saba da shi ba. A can kuwa karatu na tafiya. Malamansa suna nuna cunkoso a kwamfuta, shi yana gaya musu abin da direba ke yi in ya ga layin gefe ya fi nasa motsi. Suna son sa, yana son aikin. Zangon na ta matsowa ƙarshe, ya fara duba jiragen Jidda.

Labarin alƙibla kuwa tun farko ya faɗa wa Khadijatu, ya haɗa ta da girman Allah kada kowa ya ji. Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, amma ta riƙe. Sai da ta ga mijin da gaske yake haɗa kaya, sannan ta auna alkawari da karatu, ta ga wanda ya fi nauyi. Ta dafa shahi da na'ana'a, ta kai wa surukarta bayan la'asar, ta zayyana mata komai, har da wayoyi biyu a tafin hannu.

Inna Ɗaso, kofi a hannu, ta ce, "Jan rana a hagu ya sa?"

"A hagu, Inna."

Sai dariya ta ƙwace mata, irin wadda Khadijatu ta ce ba ta ji ba tun kafin rasuwar Malam Sabitu. Ta goge ido da bakin mayafi. Ta ce, "Da muka taso daga Jarwal, na daɗe in na shimfiɗa darduma sai in karkata ta yadda na saba. Babansu ke zuwa ya juya ni kamar tukunya a murhu." Ta kurɓi shahi. "Taha kuwa, tun a filin jirgi ya san alƙiblar can. Kira min mai bas."

Ba Juma'a ba ce. Da Mukhtaru ya ji muryar mahaifiyarsa sai ya ɗauka rasuwa aka yi.

"Kai, mai bas."

"Na'am, Ummi. Lafiya dai?"

"An ce ka juya bayin Allah."

Ya ce, "Mun gyara, Ummi. Mun tambayi malami, mun yi abin da ya ce."

"An kuma ce kana shirin dawowa. Ka dawo da me? Da wannan labarin? Ka zauna ka yi abin da ya kai ka. Mutumin da in ya fita bai san ta inda garinsu yake ba, ai da sauran karatu a gabansa. Allah ya yi maka albarka, ya dawo mana da kai lafiya." Ta ɗan dakata. "Kuma ka bar wa mai wayar nan limanci."

Ya ce amin. Ita kuwa kafin isha ta kira ƙawayenta na Jarwal ɗaya bayan ɗaya. Ta nan sunan Liman ya fito. Ba Khadijatu ce ta yaɗa shi ba, a yi mata adalci.

Ya gama majistir ɗinsa, ya rubuta bincikensa a kan tasowar motoci daga Arafa zuwa Muzdalifa, ya dawo. Daga Jidda kai tsaye shukkar Ummi ya wuce, da jakarsa da tsohuwar jallabiyarsa, ya ci mulukiya ya yi barci a kan kujera. Ba zan ce ya gyara Muzdalifa ba, abin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Amma yanzu ana kiransa zama in za a tsara hanyoyin Hajji, kuma direbobinsa sun ce in ya ce maka jira, yana gaya maka dalili, dalilin kuma yakan fito. Samarin unguwa masu neman minha wurinsa suke zuwa. Yana duba musu abin da suka rubuta, yana yi musu ganawar gwaji da Turancin nan nasa mai gida biyu, kuma kafin ya taɓa takardar kowa sai ya tambaya, an gaya wa tsohuwa?

Kwanan baya muna zaune a wurin mai shahi na bakin tasha, aka kira magariba. Sa'ud, wani tsohon direba da suka taso tare, ya miƙe ya kama hannun rigarsa.

"Ya shekh, bismilla, shige gaba. Amma don Allah yau ina za mu duba? In baya ne ka faɗa tun yanzu, gwiwata ba ta son juyi."

Aka kwashe da dariya. Mukhtaru ya shanye shahinsa a hankali, ya ajiye kofin, ya naɗe hannun riga.

Ya ce, "Ku yi ta yi. Da na fuskanci daidai a ranar nan, da tuni na dawo ba takarda, kuma har yau Ummi na tambayata ya sanyi."