Katin da Bakari ya zaɓo

A unguwar Bolewa in ka tambayi Hajaratu mai tafireta, kowa zai nuna maka shagonta, ko da yake ta daɗe da ajiye tafiretar. A shekarar 1997 yayanta Bakari, mai fataucin shanu zuwa Legas, ya ba ta ɗaki a bakin gidansa, ta sa tsohuwar kwamfuta a ciki, tana buga katin biki da takardun makaranta. Mace ce gajeriya, mai saurin hannu, ba ta san kalmar "ba zan iya ba". Wasu na cewa taurin kai ne. Ni dai ban ga inda ya cutar da ita ba.

Wata safiya ta kunna kwamfutar, akwatin ya yi ƙugi kamar kullum, amma fuskar, wato allon da ake kallo, ta yi baƙi ƙirin. Ta ɗauki fuskar a ka ta kai ofishin wata ƙawarta, suka jona, ta kawo haske tas. Ashe ciwon a cikin akwati yake, a jikin katin da ke aika hoto, wanda wayar fuskar ke shiga bayansa.

Bakari da ma bai yarda da sana'ar ba, kuma wani mai maganin dabbobi ya daɗe yana zawarcin ɗakin.

"In sallah ta zo abin nan bai tashi ba, ki kwashe kayanki," Bakari ya ce mata.

"To, Yaya. Amma in ka sauka Legas, ka sayo mini katin."

Ta kwance akwatin da sukudireba, ta zare mataccen katin, ta karya tsinken tsintsiya daidai tsawon jerin haƙoransa masu shiga rami, kamar yadda mata ke aika awon takalmi. Bakari ya soke tsinken a hula ya hau tirela.

Ko da ya dawo, sai ga shi yana taƙama, ya zaro kati dogo, kusan kamu ɗaya da rabi.

"Ina tsinken?" Hajaratu ta tambaya.

"Wanda ya yi daidai da tsinkenki ramamme ne, ƙanwata. Ni da na shekara ashirin a kara ina cinikin shanu, a ajiye mini bijimi da maraƙi, in ɗauki maraƙi? Ji nauyinsa."

Gaskiya yana da nauyi. Sai dai ramin da za a sa shi gajere ne, rabin haƙoran suna lilo a waje. Bakari ya duba ta nan, ya duba ta can, ya ce a kira maƙeri ya rage wutsiyar, ai ko sa in ƙahonsa ya hana shi shiga mota ana san yadda ake yi.

Ranta ya ɓaci ƙwarai, don sallah ta matso, tafiya ɗaya ce kawai ta rage masa. Amma ba ta ɗaga murya ba. Ta naɗe mataccen katin a ƙyalle tare da dogon, ta damƙa masa.

"Yaya, shanu naka ne, ban taɓa zaɓa maka ba. Wannan garken nawa ne. Ka ajiye wa masu sayarwa gawar a gabansu, ka ce ɗan'uwanta kake so."

Ya tafi yana gunaguni. Ana jajiberin sallah ya dawo da ɗan kati siriri, ya miƙa mata da yatsu biyu kamar abin kunya. Ta cire wayar wuta, ta taɓa ƙarfen akwatin, ta daidaita haƙoran a bakin ramin, ta danna da manyan yatsu biyu har ya zauna daram. Ta ɗaure kusa, ta jona waya, ta kunna. Sai fararen haruffa suka fara gudu a fuskar.

Bakari ya daɗe tsaye a bayanta. Mai maganin dabbobi ya leƙo da sallama, Bakari ya ɗaga masa hannu ko waiwayowa bai yi ba.

"Ke kika gyara, da hannunki?"

"A gabanka aka yi, Yaya."

Ya gyara zaman hularsa, ya nufi ƙofa, sai ya tsaya.

"Bayan sallah zan turo miki 'yata Basira. Ki sa mata kujera kusa da taki."