Intalla, Mai Kai Tsoho Rijiya

Da an sallame Asuba, Intalla mai sayar da ruwa zai ɗaura wa jakinsa amalanke, ya jera jarkoki. Amma ba ya wucewa rijiya sai ya biya gidan Malam Agali, tsohon makiyayin da tsufa ya ruɗa wa tunani. Shanun Agali sun ƙare tun wani fari da aka yi, shi kuwa bai san zancen ba. Kullum yana tsaye da sanda, wai garkensa na jin ƙishirwa. Intalla ba ya musu da shi. Ya ɗora shi a amalanke, su je su shayar da shanun mutane, tsoho na daka musu tsawa kamar nasa. Ranar da tsohon bai je ba, ko fura ba ya sha.

'Ya'yan Agali kuwa kansu ya rabu. Zuhura, mai jinyarsa, ta ce a bar shi nan Dakoro. Wanta Halidu ya ce a kai shi Maraɗi kusa da lokotoro, wato likita, a riƙa kulle ƙofa, don an taɓa tsinto shi a hanyar Kornaka ba ko takalmi. Ni dai har yau ban san mai gaskiya ba. Intalla ma bai sani ba, ga shi da sunan Halidu tsohon ke kiransa, abin na cin ransa.

Ranar da Halidu ya zo da mota ɗaukar uban, a bakin rijiya ya same su. Tsoho ya laɓe bayan Intalla.

"Halidu, wane na wanga baƙo?"

Intalla ya dubi Halidu. In ya faɗi gaskiya tsoho ya firgice, in ya yi shiru ya ƙwace wa mutum uba. Can ya ce:

"Baba, sabon mai kiwo na. Bai iya jan guga ba."

"To mi kake jira? Miƙa mishi igiya in gwada mishi."

Halidu ya naɗe hannun shaddarsa ya kama ja yana hawaye, uban na gyara masa riƙo. An daɗe rabon da tsohon ya yarda ya taɓa hannunsa. Motar ta koma ba Agali. Gardamar ba ta mutu ba, amma yanzu duk ranar kasuwa Halidu na bakin rijiya.

Intalla ɗan amana, kai ne ka karɓi sunan da ba naka ba, ka riƙe wa mai shi. Mun gode, Allah ya saka maka. Mai irin wannan tsoho a unguwa kuma, ya je ya gaishe shi, ya amsa duk sunan da aka kira shi da shi.