Ranar da Kawu ya nutsar da jirgin Baba

Shekarun baya, lokacin da na gama sakandare ina zaman jiran sakamako a gidanmu na Akurba, babban aikina shi ne riƙe wa Baba waya. Baba tela ne. Idonsa yana ganin kafar allura, amma wai ba ya ganin inda ake danna saƙon murya. To ni ce mai dannawa.

Yana da aboki, tsohon malamin firamare, ɗan ƙabilar Eggon, muna ce masa Kawu. Abotarsu ta girme ni. Kullum bayan la'asar Kawu zai iso a kan tsohon babur ɗinsa, su zauna a bencin ƙofar shago, su hau zancen yaƙin duniya na biyu kamar su aka ba kwangilarsa. Kuma ba yaƙin ƙasa ba, na teku. Mutum biyu da babban ruwan da suka taɓa gani shi ne Binuwai, daga kan gadar Makurɗi, cikin mota.

Da aka buɗe wa 'yan majalisarsu zauren wasap sai abin ya girma. Suka ƙirƙiro wasan da suke kira "da a ce". Za a ɗauko faɗan jiragen ruwa da aka yi da gaske, a juya shi. Baba ya ɗauki jiragen Jamus, don shi kullum wanda aka kayar yake tausayi. Kawu ya ɗauki na Ingila. Yau Baba ya ba da labari, gobe Kawu ya ɗora daga inda aka tsaya.

A tarihi an nutsar da wani ƙaton jirgin Jamus. A bakin Baba kuwa jirgin ya shige cikin hadari ya tsira, ya dawo yana ta ɓarna. Kaftin ɗinsa dattijo ne mai furfura, ba ya son hayaniya, shayinsa ba sukari, kuma da kansa yake ɗinka kakinsa. Kowa a zauren ya gane wa ake nufi.

Ni dai hannuna ke ciwo. In na ce, "Baba ka taƙaita, data na ƙarewa," sai ya ce, "Ke, ana yaƙi kina maganar data?"

Rannan Kawu ya turo nasa, na kunna wa Baba yana kan keken ɗinki. Muka ji Kawu da irin Hausarsa: "Sai jirgin ƙarƙashin ruwa ya zo a hankali, ya buga shi a ciki, bum! Ya tafi ƙasa da kaftin nashi, da kofin shayi nashi." Tsofaffin zaure suka yi ta turo dariya.

Baba ya tsayar da keke. Ya ce, "Kofin ma bai bari ba. Mutum ya yi shekara da shekaru yana cin tuwon gidanka, ya jefa ka teku, ba wanka, ba salla, ba likkafani."

Na ce, "Baba, kaftin ɗin Bajamushe ne fa."

Ya ce, "Ya musulunta a kashin da ya wuce. Ke kika danna."

Washegari Kawu ya zo kamar kullum. Baba ya amsa gaisuwarsa bai ɗago kai ba, ga yaduka ya jibge a kan benci. Kawu ya tsaya, ya tsaya, ya tashi babur ya tafi. Bai sake zuwa ba.

Da farko dariya abin ya ba ni. Da makonni suka wuce na daina dariya. Baba ya rage cin abinci, ya zama mai faɗa, har ya ɗinka wa wani aljihu a baibai. In la'asar ta yi ya ji ƙarar babur sai ya leƙa, ya koma. Mama ta ce min, "Ranar da naƙudarki ta tashi ubanki yana Kano sayen yadi. Mutumin nan ne ya nemo mota ya kai ni asibiti. Yau a kan ruwan da ba wanda ya taɓa gani za su rabu."

Na hau keke Napep na tafi gidan Kawu. Na ce, "Kawu, ka ba shi haƙuri kawai a wuce wurin."

Ya ce, "Yarinya, yaƙi ne. Ni na ce ya saka jirgi nashi a hanya na?" Da zan fita kuma ya tambaye ni ko Baba yana shan maganin hawan jininsa.

Ni ba ni da haƙurin lallashin tsofaffi. Ina dawowa na ɗauki wayar na danna. Na ce, "Salamu alaikum iyayena, 'yar tela ce. Kaftin bai mutu ba. Masunta sun zo wucewa a kwalekwale, suka tsamo shi, suka ba shi kunu. Sarkin Ingila da sarkin Jamus suka yi waya suka ce abin ya isa haka. Yaƙi ya ƙare, kowa ya koma gida. Na gode." Na tura zauren, na bari aka ɗan jima, sannan na kunna wa Baba, na koma gefe.

Bai gama buɗe baki ba muka ji babur. Kawu ne, ko hula bai saka ba.

"Alhaji! Ka ji abin da yarinyan ka ya yi?"

"Na ji Malam! Kwalekwale a tsakiyar teku!"

"Kunu! Wane ne ya dama kunu a can?"

"Kuma Jamus tana da sarki ne a lokacin? Kuɗin makarantar nan dai asara."

Baba yana faɗa yana kwashe yaduka daga kan benci, bai ma san yana yi ba. Suka zauna suna ta wanke ni. Suka yanke cewa labarina bai shiga lissafi ba. Amma Kawu ya yi gyaran murya ya ce, "Kaftin ɗin dai a bar shi da rai. Jirgi na ne ya tsamo shi, fursuna ne."

Baba ya ce, "Fursuna? Zai gudu."

"Gwada mu gani."

Mama ta aiko da tuwo, kwano ɗaya, aka cinye tas.

Har yau in na tuna nakan yi dariya, amma na rage saurin ce wa mutum abin da yake yi shirme ne. Ni na ɗauka sulhu suke buƙata, ashe kowannensu abokin faɗansa ya rasa. Yanzu ƙafa ta hana Kawu hawa babur, Baba ne ke zuwa wurinsa. Kwanan baya na raka shi, na tarar har yanzu jiragen suna cikin ruwa. Na ce, "Don Allah, wai wa ya ci yaƙin nan ne?"

Kawu ya kalle ni kamar na yi saɓo. Ya ce, "In wani ya ci, gobe mu zauna mu yi mene?"